Ƙarfe Biyu Saura Minti Takwas

Ranar Litinin da safe, minti ashirin da fara jarrabawar lissafi, mai tsaron aji a makarantar garin Safo ya ga wata ɗaliba ta ajiye biro ta naɗe hannu. Ya ɗauki takardarta ya duba. Ta amsa tambayoyi biyar ɗin da aka raba, ta ƙara da amsar ta shida, wadda aka cire daga jarrabawar tun ranar Asabar. Aka bincike jakarta aka sami salula, a cikin salular ga tambayoyin nan reras. Kafin ƙarfe goma an gano irinsu a Gabi da Sarkin Yamma, aka soke jarrabawar.

Jarrabawar gwaji ce wadda makarantu huɗu masu zaman kansu suke haɗuwa su yi kafin brebe, jarrabawar kammala kwalej, kuma bana kwalejin Hasken Tafki ta Madarounfa ce ta tsara lissafi. Wuri ɗaya tambayoyin suke, cikin kwamfutar tafi-da-gidanka ta ofishin direkta. Direkta Tanko, mutumin da bai cika taɓa na'ura ba sai dole, ya sa sakatariya ta buɗe masa ita. A kwandon sharar kwamfutar suka tarar da kwafin da ɓarawo ya yi ya goge, ya manta bai zubar da kwandon ba. A gefensa ga rana da lokaci: Juma'a, ƙarfe biyu saura minti takwas.

Duk Madarounfa an san inda maza suke a wannan lokaci. An kuma san mutum ɗaya da ba ya can. Mushe Manasse, wato Malam Manasse a Faransancin makaranta, malamin lissafi, Kirista ne ɗan Maradi, kuma shekara goma sha tara ke nan duk Juma'a shi ake bar wa makullin ofis ya tsare makaranta har a sauko daga masallaci. Direkta ya dakatar da shi nan take. Ya ce ranar Laraba da safe za a miƙa maganar ga jandarma.

Talata da hantsi aka aika kiran Balaraba, mai gyaran salula da kwamfuta a bakin tasha. Ba don bincike aka kira ta ba. Ana son a buga sabuwar jarrabawa, kwamfutar kuwa ta zama kamar jakin da aka yi wa lodin gero ya wuce ƙima, a danna ta yi tsaye, a sake dannawa ta yi nishi.

"Birus ne ya cika ta," in ji Direkta. "Ki goge komi da komi, ɗiyata, ki maido muna ita sabuwa kahin la'asar."

"In na goge komi, Mushe Direkta, har da abin da za ku nuna ma jandarma zai tahi."

Direkta bai yi wannan tunanin ba.

"To ki yi yadda kika iya."

Balaraba ta zauna, ta ɗaga kwamfutar ta leƙa ƙarƙashinta. Kalmar sirri na nan a rubuce a wata 'yar takarda da aka manna da salatif. Ba ta yi mamaki ba, rabin ofisoshin garin haka suke, a kulle ƙofa a rataye makulli a jikinta. Ta kunna, ta duba salularta don ta auna. Minti goma sha ɗaya kwamfutar ta ɗauka kafin ta farka. Da fuskar ta haska, sai ga sunan da aka raɗa wa na'urar tun asali: GHISLAINE.

Ta tsaya tana kallon sunan. Ta taɓa ganinsa, kuma ba da daɗewa ba.

"Wace ce wagga?" ta tambayi sakatariya.

Hafsa, sakatariyar makarantar, tana zaune a gefe da tsohon cikinta tana fifita da kwali. "Mai ita ta hwarko. Wani tsohon ɗalibinmu da ke Faransa ya aiko muna da ita kyauta, watan Nuwamba. Ba mu canza komi ba, tsoro muke kar mu ɓata."

Balaraba ta shiga aikinta yadda ta saba, daga sama zuwa ƙasa. Ta buɗe jerin abubuwan da ke gudana, ta tarar da manhajar kashe birus har guda uku, kowace tana tuhumar 'yar'uwarta, sun cinye ƙarfin na'urar a tsakaninsu. Abubuwa goma sha bakwai ne ke tashi tare da kwamfutar duk lokacin da aka kunna ta, cikinsu biyu kaɗai ke da amfani. Ma'ajiyarta ta cika maƙil da fina-finai da wasan kokowa. Fankar ciki ta toshe, iskar da ke fita ta gefe har tana ƙona yatsa. Sai kuma birus ɗin kansa, tsohon sananne, wanda ke bin kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, da katin memwar na salula. Duk abin da aka soka wa kwamfutar sai ya ɓoye kayan da ke ciki, ya jera gumaka masu 'yar kibiya a madadinsu, mai kaya ya ɗauka komai nasa ya salwanta.

Tana cikin haka idonta ya faɗa kan kusurwar ƙasa ta dama. Sha ɗaya da kwata. Ta duba salularta. Goma da kwata.

"Hafsa, agogon nan tun yaushe yake haka?"

"Wai gaban da yake yi? Ai ya daɗe. Tun wajen ƙarshen Maris. Rannan na zo na iske ya ƙara awa guda shi kaɗai. Na ce aikin birus ne."

"Kin hwaɗa ma Direkta?"

"A kan agogo? Ni da salula nake duba lokaci."

Balaraba ta buɗe wurin saita lokaci, ta karanta abin da ke rubuce, ta rufe ba tare da ta taɓa shi ba. Mace ce da ba ta sauke tukunya sai ta nuna.

"Birus ba shi tashi sama," ta ce wa Direkta da ya leƙo. "A kile yake zuwa, a kile yake tahiya. In ban san masu soka mata kaya ba, yau in wanke ta gobe ta koma. Ina son in tambayi duk mai shiga ohis ɗin nan."

Direkta ya ce ta tambayi wanda ta ga dama, shi dai la'asar yake jira. Ta fara da shi.

"Ran Juma'a kuna nan?"

"Ina Maradi tun sahe, taron direktocin lakwal huɗun. Daga mota sai masallaci, ko gida ban biya ba. Mutum uku na tare da ni."

"Kuna soka mata kile?"

"Ni ko ramin da ake sokawa ban sani ba."

Wannan gaskiya ce, an san shi da ita. Ta juya ga Hafsa.

"Ke hwa?"

"Ni na buga tambayoyin ran Alhamis. Ran Juma'a sha biyu da rabi na ruhe ohis na tahi awo." Ta zaro katin asibiti daga jaka ba tare da an tambaye ta ba. "Ga shi, layi na bi har ƙarhe biyu."

"Makullin hwa?"

"Mushe Manasse na cikin aji, ban so in katse shi ba. Na rataye mai a ƙusar da ke jikin bedi, kusa da ƙararrawa. Haka muke yi in yana aji."

Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a itacen bedi a tsakar fili. A ƙarƙashin wannan itacen Balaraba ta sami Mushe Manasse zaune a kan benci, an ce ya zo ya rubuta bayaninsa. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi. Rigarsa a goge take, alƙaluma uku a aljihu, ja da baƙi da shuɗi, kamar dā.

Ba ta son mutumin nan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kanta ba. Tana aji uku na kwalej ya kama ta da amsoshi a rubuce a cikin hannun hijabinta. Ya yaga takardarta a gaban aji, ta maimaita shekara. Har yau in ta tuna ƙarar yagewar takardar nan sai ta ji kunya ta taso mata.

"Ina kwana, Mushe."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Balaraba Yusuf. Layi na uku, gehen taga."

"Ni ce. Ran Juma'a, daga sha biyu, kuna ina?"

"Ina ajin masu brebe ina bita da su. Ɗalibi hamsin da takwas. Ban hito ba sai da anka buga ƙararrawar ƙarhe ɗaya."

"An buga ta?"

"An buga, kamar kullum. Na sallame su, na zo nan na ɗauki makulli a ƙusa, na zauna ina gyaran takardu har anka sauko."

"Wa ya gan ku bayan ɗaya da kwata?"

"Ba kowa. Shekara goma sha tara ba kowa ke ganina ba. Amfanin nawa ke nan."

"Kun shiga ohis?"

"Ban shiga ba." Ya gyara takardar da ke kan gwiwarsa, babu abin da ya rubuta a kai sai kwanan wata. "Ni na tsara tambayoyin nan, Balaraba. Suna cikin kaina. In zan sayar da su, mi zai kai ni ga ordinater?"

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma da alama ba wanda ya yi ta jiya.

Saura mutum ɗaya. Malam Bashir shi ne sirbeyan, mai kula da tarbiyyar ɗalibai da buɗe ƙofa da buga ƙararrawa. Dogo ne mai fara'a, kowa nasa ne. Ta same shi a bakin ƙofar makaranta yana korar masu tallan ƙanƙara.

"A'a, Malama Balaraba! Ke anka kira? To an kira gwana. Na gode da aikin rannan, hotunan Hajiya duk sun dawo."

"Madalla. Malam Bashir, kana soka ma ordinater ɗin ohis kile ko kati?"

"Ni? Ban taɓa taɓa ta ba. Aikina a hili yake, ba a ohis ba."

"Ran Juma'a kana ina?"

"Tun sha biyu na bar lakwal. Na tahi gida na yi wanka, na wuce masallaci. Sahun hwarko, bayan liman. Ki tambayi Direkta, da ya shigo ya gan ni." Ya girgiza kai. "Abin bai yi daɗi ba. Mutum kamar Mushe Manasse. Amma lokaci ba shi ƙarya, ke kin hi ni sani."

"Haka ne," in ji Balaraba.

Ta ce wa Hafsa za ta je ta ɗauko kayan aiki. Ta hau kabu-kabu ta koma shagonta a bakin tasha, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Balaraba tana da wata ɗabi'a da sauran masu gyara suke mata dariya a kai. Ba ta kashe birus ta watsar. Duk wanda ta cire daga kayan mutane sai ta kwafe shi a wani tsohon kile da take kira kurkuku, ta rubuta sunan mai kayan da ranar da ya kawo. Hotunan mutane da takardunsu ba ta buɗewa, wannan amana ce. Birus kuwa ba na kowa ba ne. Ta soka kurkukun a tata kwamfutar, ta nemo na ranar Asabar, ta buɗe cikin ɗaya daga gumakan masu kibiya. Ta karanta layi biyu, ta zare kilen ta sa a jaka.

Sauran yinin a kan gyara ya ƙare. Ta kwance bayan kwamfutar makarantar, ta zaro wani curin ƙura da gashi daga fanka wanda ya kai girman goro. Ta cire biyu daga masu kashe birus ɗin nan, ta bar ɗaya ta sabunta ta. Ta hana abubuwa goma sha biyar tashi da na'urar. Ta kwashe fina-finan ta zuba a wani kile, mai su ya zo ya nema in yana da ƙarfin hali. Birus ɗin ta kama shi ta kai kurkuku. Kwandon shara da agogo kaɗai ta bari yadda ta same su.

Bayan la'asar ta ce a tara mata su huɗun a ofis. Direkta ya zauna a kujerarsa, Hafsa a gefe, Malam Bashir ya jingina da ƙofa. Mushe Manasse ya ƙi zama. Ta danna maɓalli, kafin Direkta ya gama gyara hularsa kwamfutar ta farka.

"Ikon Allah," in ji shi. "To sai a buga jarrabawa."

"Saura abu guda, Mushe Direkta. Ku duba nan ƙasa. Ƙarhe nawa?"

Ya matso da fuska. "Biyar da rabi."

"A hannunku hwa?"

Ya duba agogonsa, ya sake duba fuskar kwamfutar. "Huɗu da rabi."

"Wagga ordinater har yau a Faransa take zaune. Can suna da wata al'ada. In ƙarshen Maris ya zo sai su tura agogonsu gaba da awa guda, in Oktoba ta ƙare su maido shi. Da anka kawo ta a Nuwamba lokacinmu da nasu ɗaya ne, shi ya sa ba wanda ya lura. Da Maris ya ƙare ta bi mutanenta. Ba birus ba ne, haka anka saita ta."

"Su tura agogo?" in ji Hafsa. "Rana hwa, ita ma tura ta suke?"

Ba wanda ya yi dariya. Balaraba ta buɗe kwandon shara ta nuna kwafin da yatsa. "Ga abin da kunka gani jiya. Juma'a, biyu saura minti takwas. Yanzu zan gaya mata a Nijar take. Ku zuba ido a kan lokacin."

Ta canza saitin, ta koma kwandon. Lambar ta sauya a gabansu. Ɗaya saura minti takwas.

Direkta ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ɗaya saura takwas ba a tahi masallaci ba," in ji Balaraba. "Ku kuna hanyar Maradi da mutum uku. Hafsa na layin awo. Mushe Manasse na gaban ɗalibi hamsin da takwas. Makulli na rataye a ƙusa, kusa da ƙararrawa."

"To ai kowa na iya ɗauka," Malam Bashir ya faɗa daga bakin ƙofa. "Ko cikin ɗalibai."

"Kowa na iyawa. Malam Bashir, wa ke buga ƙararrawa a lakwal ɗin nan?"

"Ni."

"In ba ka nan hwa?"

"Ba mai taɓa ta," Direkta ne ya amsa. "Ya hana. Ko ni ban bugawa."

"Ran Juma'a an buga ta ƙarhe ɗaya. Kai kuwa ka ce min tun sha biyu ka tahi."

"Wataƙila na ruɗe da lokaci. Mutum na mantuwa."

"Yana yi. Abin da ya tsaya min shi ne, jiya da yau duk garin nan maganar ƙarhe biyu saura ake. Kowa na tambaya, da ita yake kare kanshi. Kai kaɗai ka nisanta kanka da ƙarhe ɗaya, tun ban ce ma kowa agogon na gaba ba."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Malam Bashir ya bar jikin ƙofar ya tsaya sosai, fara'ar nan ta tafi.

"Wannan zato ne, Malama. Na ce miki ban taɓa taɓa ta ba."

Balaraba ta zaro kurkuku daga jaka ta soka.

"Ran Asabar da sahe ka kawo min katin memwar. Ka ce hotunan Hajiyarka na Makka sun ɓace, sai gumaka masu kibiya. Na maido ma da hotunanka, ban buɗe ko ɗaya ba. Birus ɗin na aje. Shi irin wannan, duk gunkin da ya ƙirƙira sai sunan ordinater ɗin da anka yi shi a ciki ya manne a jikinshi, da lokacin. Ran Asabar na ga wani suna, na ce wace ce wagga a Madarounfa? Yau da sahe na kunna ta ohis na gan shi."

Ta juya musu fuskar kwamfutar. GHISLAINE. Juma'a, biyu saura minti goma.

"Agogon Faransa ke nan, don kati ba shi gyara lokaci, abin da anka rubuta mai shi yake riƙewa. A namu, ɗaya saura goma ka soka katin. Ɗaya saura takwas ka yi kwahin. Ka goge na cikin ordinater, ka ruhe ohis, ka je maida makulli a ƙusa. Ƙarhe ɗaya ta yi kana tsaye gaban ƙararrawa. Shekara nawa kana buga ta? Hannunka ne ya yi aikinshi."

Malam Bashir ya dubi Direkta, ya dubi ƙasa. Sannan ya sulale ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Hussaina ce," ya ce. "Ɗiyata. Sau biyu tana hwaɗuwa brebe, duk a lissahi. Ta ce in ta hwaɗi gwajin nan ba ta sake zama aji. Na ce in ta ga sakamako mai kyau sau ɗaya zuciyarta za ta tsaya. Ita kaɗai na ba. Na ce kar ta nuna ma kowa. Ta tura ma ƙawarta ta Safo."

"Wannan na ji shi," in ji Direkta. "Jiya hwa? Kana tsaye nan na karanta lokacin. Kana tsaye na ce ma bawan Allah nan ya aje alli ya hita. Har kai ka ce min lokaci ba shi ƙarya."

"Da na ji kun ce biyu saura, na ɗauka Allah ne ya ruhe min asiri."

"Da mutuncin wani?"

Balaraba ta zare kilenta ta fara naɗe wayoyi. Ta ji tausayin yarinyar, wadda gobe duk makarantu huɗu za su san sunanta, ta kuma san irin wannan kunyar ba ta wankuwa da wuri. Uban kuwa ba ta ji tausayinsa ba.

Direkta ya tashi ya zagayo tebur. Dattijo ne mai girman kai, kuma abin da zai yi ya yi masa nauyi, amma ya yi. Ya kama hannun Mushe Manasse da hannu biyu.

"Mushe, na zalunce ka. Ka yahe min. Gobe a gaban ɗalibai da malamai zan hwaɗa da bakina. Ajinka na jiranka."

"Zan koma aji," in ji Mushe Manasse. "Brebe saura wata guda."

Direkta ya saki ajiyar zuciya. Ya ɗauko makullin ofis daga kan tebur ya miƙa masa, kamar mai mayar wa mutum rawaninsa. "Riƙe. Juma'a mai zuwa ma kai ne, kamar kullum."

Mushe Manasse ya dubi makullin, bai miƙa hannu ba.

"Tanko, tare munka fara aiki a nan. Jiya da ka ga lokacin nan, ba ka tambaye ni ina nake ba. Ba ka tambayi kowa komi ba. Ka tuna inda ban zuwa, shi ke nan." Ya gyara alƙaluman aljihunsa. "Shekara goma sha tara, awa guda ta cinye su. Na yahe ma. Makullin dai a nemo mai tsaro."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya a gaban Balaraba. Ta miƙe ba tare da ta yi niyya ba, kamar tana layi na uku gefen taga.

"Ba amsa kaɗai kika kawo ba," ya ce. "Kin nuna yadda kika yi, mataki bayan mataki."

"Ku kunka ce amsar da ba a nuna hanyarta ba sata ce, Mushe."

"Na ce." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ban zaci kina saurare ba."

Ya ratsa ta gefen Malam Bashir ya fita, bai dube shi ba.

Maganar ba ta kai ga jandarma ba. Direktocin huɗu sun zauna ranar Laraba, aka sallami Malam Bashir, aka sake jarrabawar ranar Alhamis da sababbin tambayoyi, waɗanda Mushe Manasse ya rubuta da hannu ya kawo a aljihunsa. Hafsa ta ɓare takardar da ke manne a ƙarƙashin kwamfutar. Hussaina ba ta zo jarrabawar ba.

Ranar Juma'a, wajen ɗaya da rabi, Balaraba ta rufe shago ta bi ta gaban makarantar za ta gida. Tituna sun yi fayau, ana jiyo huɗuba daga lasifika. Ƙofar Hasken Tafki na rufe da sabon kwaɗo. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafan. Bencin na nan a ƙarƙashin bedi, ba kowa a kai.